Garmar da Kawu Ya Bari a Sama

Duk wanda ya zo mana gaisuwar Kawu sai da ya yi tsayuwa biyu. Ta farko kowa ya san ta: a durƙusa gaban dattawa a ƙofar gida, a ce ya muka ji da haƙuri, Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi nan, a shafa. Ta biyun babu wanda ya shirya mata. Mutum zai miƙe ya zura takalmi kamar zai wuce, sai ƙafarsa ta ja shi bakin garejin da ke manne da gidan, ya leƙa, ya daɗe, sannan ya juya bakinsa yana motsi. Ni ina ciki wajen mata, amma tagar ɗakin girkinmu garejin take kallo, kuma ni aka ɗora wa tukunyar shayin baƙi, saboda haka babu wanda ya leƙa ban gan shi ba.

Abin da suke kallo tsohuwar tarakta ce, ja a da, yanzu launin ƙasa, da garma mai faifai uku rataye a bayanta. Injin a kashe yake tun ranar da Kawu ya rasu, garmar kuma tana sama. A ƙarƙashinta akwai kututturen darbejiya da Kawu ke tarbe ta da shi, kuma tsakanin ƙarfen da itacen akwai tazara kamar faɗin tafin hannu, har kana hango hasken titi ta ciki.

Wanda bai san tarakta ba zai ce to sai me. Mai ne ke ɗaga garma. Famfo yana tura shi cikin wata silinda da ke ƙarƙashin kujerar direba, man ya tura fistin, fistin ya ɗaga hannuwan nan biyu na baya. Da an kashe inji famfo ya tsaya, sai man da ya rage a silinda kaɗai ke riƙe da nauyin, kuma mai ba ya rasa inda zai silale. Ko sabuwar tarakta ka bari da garma a sama, in ka kwana ka tashi za ka tarar ta ɗan sunkuya. Wannan kuwa duk layinmu a Gyadi-Gyadi an san halinta, ba ta taɓa riƙe garma daga kiran salla zuwa sallama ba. Ga shi an yi jana'iza, an kwana, an sake kwana, tazarar tana nan yadda Kawu ya bar ta.

Kanikawa abokan Kawu da suka zo daga Unguwar Gano sun kewaye ta hannuwansu a baya, kamar masu duba mara lafiya, ba wanda ya taɓa. Ɗayansu ya tsuguna ya leƙa ko an saka sarƙa ko an soke ta da ƙarfe, ya miƙe yana kaɗa kai. Wata baiwar Allah daga Daurawa, wadda tun da ta shigo take rarraba ido, ta ce mana ai ba sai an faɗa ba, tsofaffin ƙarafa gidan mutanen ɓoye ne, su ne suka tallafe ta. Maganar ta fita waje har ta kai kunnen Liman, ya yi faɗa sosai, ya ce a ji tsoron Allah a daina shirme a gidan mutuwa. Da zai tafi shi ma na gan shi a bakin garejin, carbinsa ya tsaya a hannunsa. Akuyar Inna, matar Kawu, wadda kullum a inuwar taraktar take tuƙa, ta koma gindin bango cikin rana ta ƙi matsowa.

Inna kuwa ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Tana zaune a kan tabarma cikin mayafin takaba, in an yi mata gaisuwa ta amsa, sai ta karkata kunne wajen bangon gareji. Na kawo mata kunu, ta riƙe hannuna ta ce, "Kin ji ta sauka?" Na ce a'a, Inna. Ta ce, "To bai gama ba."

Na rubuta wannan ne don kada a tuna da Kawu da labarin garmar nan kaɗai, tunda na ga ita ce ta fi daɗi a bakin mutane. Yayan mahaifiyata ne, a gidansa na tashi bayan rasuwar babana, kuma na san shi tun kafin taraktar ta shigo rayuwarmu.

Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ƙumbunansa ba su taɓa fari ba ko ranar Idi. Gyaran tarakta yake yi gaba ɗaya, amma abin da manoma ke baro ƙauyukansu su zo nemansa a kai shi ne taraktar da hannuwanta suka mutu, wadda za ta ɗaga garma tana karkarwa, ko ta kai rabi ta tsaya, ko ta ɗaga da safe ta ƙi da rana. Ba ya fara ɗaukar sifana. Sai ya zauna ya tambayi mai ita kamar likita, kuma tambayarsa ta farko ba ta canzawa: "Me ta sha?"

Na taɓa kawo masa abincin rana na tarar da shi da wani manomi dogo mai rawani, wanda ya dage famfon taraktarsa ne ya mutu. Kawu ya zare ma'aunin mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina, ya ɗaga wa rana. Man ya yi fari-fari kamar koko.

"Alhaji, a ina take kwana?"

"A fili, bayan rumbu."

"Da damina ma?"

"To ɗaki zan gina mata, Malam?"

"Da ka gina mata da ba ka zo nan ba. Ruwa ta sha. Sannan wannan baƙin da ke ƙasa, man injin da kuka juye ne kuka ƙara mata, ko ƙarya nake?"

Manomin ya sosa ƙeya ya ce yaran ne. Kawu ya ce kullum yaran ne, shi bai taɓa ganin ƙauyen da babba ya yi laifi ba. Ya zubar da man duka, ya ciro matatar da ke bakin famfo, wadda ta toshe da wani abu kamar dusar da ta jiƙa, ya wanke ta da fetur, ya zuba sabon mai. Taraktar ta ɗaga garma tsaf. Bai taɓa famfon ba, ya kuma hana manomin zancen sabo.

In mai da matata ba su ne ba, sai ya dafa bakin sukundireba a jikin ƙarfe, ya kara kan a kunnensa, ya lumshe ido, kuma a lokacin ko sallama ka yi ba zai amsa ba. In nan ma bai gamsu ba, ya kwance murfin gefe, ya haska tocila a ciki inji yana aiki, ya ga ta inda mai ke zubowa daga sama. Gwajinsa na ƙarshe shi ne ya ɗaga garma, ya tura kututture ƙarƙashinta da 'yar tazara, ya kashe inji ya tafi masallaci. Yakan ce muddin inji na ruri kowace tarakta jaruma ce, sai an yi shiru ake sanin mai riƙo.

Dokarsa ɗaya ce, kuma a kanta ya yi faɗa da rabin direbobin Kano: garma ba ta kwana a sama. Kafin magariba sai ya bi duk taraktar da ke garejin ya sauke kayanta har ƙasa. Wata rana muna cikin bas za mu biki, ya hango tarakta a gefen hanya an bar ta da garma a ɗage, yara suna wasa kusa, ya daka wa direban bas tsawa ya tsaya. Ya sauka da babbar rigarsa, ya hau taraktar mutumin da bai sani ba ya sauke garmar, ya tsaya ya wanke mai ita tas a gaban mai shayi. Fasinjoji suna ta tsaki, ni da Inna mun rasa inda za mu sa fuskarmu. Ya dawo ya zauna yana huci, ya ce kaya a sama rai ne a ƙasa.

Wannan mai zafin shi ne kuma wanda zaurensa bai taɓa rabuwa da direbobin ƙauye ba, masu jiran gyara, suna ci daga tukunyarmu. Akwai shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ɗayansu ana tsakiyar huɗa, Kawu ya rufe gareji ya tafi ƙauyen ya yi masa aikin da kansa, ya dawo fuska duk ta ƙone, bai kuma taɓa ɗaga zancen ba.

Ɗa ɗaya Allah Ya bar masa, namiji, sa'ana. Ɗan kawu da 'yar gwaggo, kun san abin da ke tsakani, abokan wasa ne mu, tun muna ƙanana kowannenmu ke cewa ɗayan bawansa ne. Ya gaji hannun ubansa har wasu na cewa ya fi shi sanyin aiki, kuma ya riga ya zama cikakken saurayi mai gemu lokacin da aka kawo jar taraktar nan. Ciwonta shi ne in ta yi zafi sai hannuwanta su saki. Kawu ya ce silindarta ta cinye, ya samo wata ta hannu a kasuwar 'yan kayan gyara ya ɗaura da kansa, ya bar wa ɗansa saka sabuwar roba a fistin, wato zoben da ke hana mai wucewa.

Suka haɗa, suka gwada a fili har ta yi zafi, ta ɗaga lafiya. Kawu ya shiga gida alwala. Ɗan ya ga wani noti ya saki a jikin faifan garma, ya ga kututturen yana can nesa, ya ce aikin minti ɗaya ne. Ya zura ƙafa ƙarƙashi ya tsuguna. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ƙarar, da ihun da har yau ban so in tuna.

An ceci ƙafar, amma ba ta koma daidai ba. Abin da ba a ceta ba a asibiti ya faru, a gaban 'yan dubiya cike da ɗaki. Kawu yana tsaye idonsa jawur, na san tsoro ne ya cika shi, amma Kawu bai iya tsoro ba sai ya juya shi faɗa. Ya ce, "Ka bar kututture, wannan ɗaya. Sannan robar a karkace ka saka ta. Ni silindata lafiya take. Hannunka ne ya karya ka." Ɗan ya juya fuska bango.

Bai sake riƙe sifana ba. Da ya warke ya karɓi adaidaita sahu yana ɗaukar fasinja daga kasuwar Tarauni, ya yi aure ya kama haya a can. Yana zuwa gaida iyayensa, ba ya fashi, amma daga zaure yake durƙusawa, kuma in zai wuce bakin gareji sai ya kau da kai. Ya yarda da maganar ubansa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya taɓa ce mini duk safiya in ya tashi ya taka ƙafar, sai ya tuna shi ya yi wa kansa. Ni kaɗai ce a duniya nake ce masa gurgu ya yi dariya, amma ranar ban iya tsokanarsa ba.

Mai taraktar ya aiko cewa ba ya son ƙarfen da ya ɗanɗani jini, a yi yadda aka ga dama da ita. Kawu ya tura ta lungun gareji, kuma tun daga nan ta zama abokiyar zamanmu. Duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya koma kanta. Ya canza robar fistin har ban san iyaka ba, ya canza famfo, ya canza bawul ɗin da ke buɗe wa mai hanya, ya wanke, ya haɗa. Sai ya bar ta ta yi zafi, ya ɗaga garma, ya tura kututture, ya kashe, ya tafi sallar azahar. Kafin a idar sai mu ji ta daga cikin gida: wani dogon nishi na ƙarfe, a hankali, kamar tsoho zai zauna, sannan ƙwas, ta dira a kan itace. Baƙi sukan firgita su ce wa ke ciwo a gidan nan. Mu mun saba, har Inna takan ce garma ta sauka, a zuba abinci.

Na yi aure na bar gidan, na haihu, 'ya'yana suka girma suna jin nishin nan duk zuwan da muka yi. Ban taɓa ganin Kawu ya dawo daga masallaci ya yi mamaki ba. Zai tsaya ya kalli garmar a kan kututture, ya cire hula ya mayar, ya shiga gida. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, Kawu, ka canza komai a cikinta, me ya rage? Ya kalle ni kallon da ya sa na tattara kwanukana na fice.

Ranar da zai rasu, da hantsi, ya kira ni a waya, shi da ba ya kiran kowa sai dai a kira shi. Muryarsa ta yi laushi har na tambaya ko lafiya. Ya ce, "Ki ce wa abokin wasanki ya zo gareji bayan azahar. Gareji na ce, ba zaure ba. In ya ƙi ki jawo shi, ke yake jin maganarki." Na kira ɗan nasa, ya ce yana da ɗaukar 'yan makaranta, gobe in Allah Ya kai mu. Kawu ya ɗaga garma, ya kashe inji, ya tafi masallaci, aka tayar da salla, ya yi sujada bai ɗago ba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, amma wannan komawar ta zo mana babu ko sallama.

Ɗan ya zo, shi ya shiga kabari ya karɓi ubansa da gurguwar ƙafarsa. Ya zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, ya zaɓi wurin da bayansa ke kallon gareji. Duk surutun da ake a kan garmar yana ji, ko sau ɗaya bai waiwaya ba.

Ranar addu'a da safe wani ɗan Ibo mai shagon kayan tarakta, wanda suka yi shekaru suna ciniki da faɗa da Kawu, ya zo gaisuwa da matarsa. Ya roƙi a bar shi ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ya yi ta share ido da hankici. Cikin Hausarsa mai daɗi ya ce, "Mama, Baba ya zo wurina satin da ya wuce. Ya ce in ba shi sabuwar silinda. Na daɗe ina ce masa, Baba, wannan tarakta silinda ne, ya ce in rufe baki, silindarsa lafiya. Ranar ya zo da kansa, bai yi faɗa ba, bai ma zauna ba." Inna ta ce Allah Sarki. Ni kuwa nan take na gane abin da ya rage ɗin da na taɓa tambaya.

Bayan an shafa addu'a dattawan dangi suka yanke shawara. Mata sun fara tsoron wucewa ta layin, yara suna taruwa kallo, gidan makoki ya koma gidan kallo. Aka ce gobe da safe za a kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su sauke garmar, su ja taraktar, su kwashe duk tarkacen garejin a share. Ɗan Kawu aka tambaya, ya ce duk yadda suka yi daidai ne. Na ji ta taga, na ajiye ludayi. In aka kwashe garejin nan, duk abin da Kawu ya kira ɗansa ya gani zai tafi a bayan kura, shi kuma ya ƙarasa rayuwarsa yana taka ƙafar nan da maganar asibiti.

Da maza suka tafi la'asar na shiga garejin da sunan kwashe kofunan shayi. Hadari ya haɗu a gabas, garin ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Ban taɓa jin tsoron wurin nan ba sai ranar. Na bi ta jikin bango don kada inuwar garmar ta taɓa ni. Takalman aikin Kawu suna nan a jere inda ya cire su, da butarsa, ruwan alwalarsa ya bushe ya bar shaida a ƙasa. A lungu na ga 'yar kujerar ƙarfen da ɗansa ke zama a kai a da, wadda ta yi shekaru a kife a kan rufin kwano. An sauko da ita, an goge ta, an ɗora wani abu a kai an rufe da buhu.

Na ɗaga buhun. Tsohuwar silindar ce, an wanke ta fes, an shafe ta da alli fari fat. Na san wannan aikin, na sha ganin Kawu yana yi wa ƙarfen da yake zargi: a jiƙa shi da kananzir, a goge, a shafa alli a ajiye. In akwai tsaga, ko ido ba ya ganinta, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana ta a kan allin. A jikin silindar, ta gefen da ke manne da murfi inda tocila ba ta kaiwa, ga wani baƙin layi siriri kamar gashi, ya taso daga baki ya gangara.

Na tsaya a zaure. Ɗan Kawu ne ƙarshen dawowa daga masallaci, kullum, saboda ƙafar. Na tare ƙofa.

"Gurgu, zo ka ɗaukar mini kaya a gareji."

"Ke, yau ba ranar wasa ba ce."

"Wa ya ce maka wasa nake? Bawa ba ya zaɓar ranar aiki."

"Ki matsa in wuce, don Allah."

"Ba zan matsa ba. Ubanka ya ce in ka ƙi in jawo ka. Ban jawo ka ranar ba, yau ko a gaban dattawan nan sai na ja rigarka, ka san kuma zan iya."

Ya dube ni, ya ga babu dariya a fuskata, kuma ya san haƙƙin wasan da ke tsakaninmu bai ba shi damar yi mini fushi ba. Ya juya. A bakin garejin ya tsaya har na zaci zai fasa, sannan ya ja ƙafar ya shiga, idonsa a ƙasa. Kujerar kawai na nuna masa.

Ya ga kujerarsa tukuna. Sannan ya ɗauki silindar da hannu biyu, ya kai ta bakin ƙofa wajen haske, ya juya ta yadda ubansa ke juyawa. Ya bi baƙin layin da ƙumba tun daga sama har ƙasa, ya sake bi. Shi ya fi ni sanin karatun: tsagar da ke rufe in ƙarfe ya yi sanyi, ta buɗe in ya yi zafi da kaya a kansa, kuma ko robar duniya aka saka ba za ta riƙe ba.

"Ba roba ba ce," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Daidai na saka ta."

Na ce, "Daidai ka saka ta."

Ya zauna a kan kujerar da silindar a cinyarsa, alli ya ɓata masa farar riga. Sannan a karo na farko ya ɗaga kai ya kalli garmar a sama, da tazarar, da takalman da ke jere. Ya ce a hankali, "Na gani, Baba. Na zo."

Ni dai abin da idona ya gani zan faɗa. Babu wanda ke kusa da taraktar, libar da ake saukewa da ita tana can sama inda take. Hasken da ke tsakanin garma da kututture ya fara tsukewa. Babu nishi, babu ƙara, ta dinga saukowa a natse har hasken ya rufe, ƙarfe ya zauna a kan itace ba tare da ko ƙwas ba. Tsigar jikina ta tashi. A daidai lokacin, daga can cikin gida, inda ba a ganin gareji kuma babu abin da za a ji, Inna ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar rasuwa.

Kanikawan sun ce iskar hadari ce ta sanyaya man ya tsuke, ko wani ɗan datti ne ya toshe bawul sannan ya saki. Na ji, ban yi musu ba, sun fi ni sanin ƙarfe.

Ɗan Kawu bai tsaya jin bayaninsu ba. Ya ajiye silindar, ya kama sitiyari ya ja jikinsa ya hau da ƙyar, ya tayar da injin. Ya ɗaga garmar, ta tashi tsaf babu karkarwa. Ya ce in duba ko akwai yaro ko dabba a kusa, na duba na ce babu. Ya sa aka janye kututturen, ya sauke ta a hankali har faifan suka taɓa ƙasa, ya kashe. Da masu sayen ƙarafa suka zo da safe, a bakin garejin suka same shi zaune, ya ba su haƙuri.

Kawu, ka yi zafi, ka faɗi maganar da ta fi garma nauyi, ka kuma kwashe sauran rayuwarka kana neman ƙarfin ɗauke ta, har ka samu a ranarka ta ƙarshe. Na so a ce da bakinka ya ji, amma saƙon ya isa. Allah Ya yafe maka, Ya yalwata maka makwanci, Ya sauke maka duk wani nauyi kamar yadda ka bi ka sauke na mutane kafin magariba. Garmarka ta kwana a ƙasa.